Alƙali da Ɗan Dakonsa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron wannan bawa nasa muka zauna da shi, ya kuma karɓi abinsa a ranar da ya ga dama.

Shugaban ma'aikatar ruwa da mataimakansa, Likita da ma'aikatan jinyar da suka yi ɗawainiya da marigayi, dattawan unguwarmu, Mama, wadda ta haife shi, ta kuma riƙe mu duka kamar ita ta haife mu, matarsa Maman Gimbiya, ƙanensa Auta, 'yarsa Gimbiya, abokan aikinsa, maƙwabta, da duk wanda ya baro abin da yake yi ya zo ya zauna a wannan zaure: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne mai kantin maganin da ke kusa da ɗakin karatu. Kemis ake ce mini. Ban iya jawabi ba, iyalin ne suka ce in tashi in yi magana a madadinmu, mu 'yan teburinsa. Idan kun ga takardar nan tana rawa a hannuna ku yi haƙuri, fargaba ce kawai. Da gangan na faɗi haka, domin a cikinmu yanzu rawar hannu ta daina zama ƙaramin abu, kuma kafin in zauna za ku ji dalili.

Da yawanku a ma'aikata kuka san shi. Ya kasance mai gwajin ruwan da muke sha. Kullum da safe yana tafe da akwatin kwalabe, daga wannan tanki zuwa wancan, ya ɗiba, ya ɗaga sama ya duba, ya kai ɗakin gwaji. Idan maganin ruwa ya yi yawa mu yi ta ƙorafin wari, idan ya yi kaɗan yaranmu su kwanta. A tsakanin waɗannan biyun ya yi rayuwar aikinsa gaba ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda suka buɗe famfo suka sha lafiya ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ya kasance mutum ne da ba ya yarda da "ai da dama-dama". Shugaba yana zaune, shi zai ba da shaida fiye da ni.

Mu kuwa a kan tebur muka san shi.

A bayan ɗakin karatu akwai wani ƙaramin ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Kowace Asabar da rana a nan muke haɗuwa mu yi wasan labari. Ga waɗanda ba su san shi ba, ga yadda yake. Mutum ɗaya ne yake jan labarin: ya ce kun iso bakin wani kogo, ko ga dodo ya tare hanya. Sauran kuma kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, sai ya faɗi abin da jarumin zai yi. Idan abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan ludo, amma namu mai fuska ashirin ne. Babbar lamba ta fito ka yi nasara, ƙarama ta fito ka sha kashi. Mai jan labarin shi ne yake yanke hukunci idan gardama ta taso, kuma da yake gardama ba ta ƙarewa a teburinmu, sai muka sa masa suna Alƙali. Bai taɓa taka ƙofar kotu ba, amma har Mama ta koma kiransa da haka.

Mu huɗu ne a gabansa. Malama mai kula da ɗakin karatu, wadda ba ta iya tsawata wa yaro mai surutu, amma a wasa mayaƙiya ce mai gatari. Dogo makanike, ɓarawon teburinmu, wanda duk dokar da aka kafa sai ya nemo ramin da zai bi ta ƙarƙashinta. Ni, maharbi. Sai ƙanensa, Auta, mai gyaran waya.

A wasan nan kowane jarumi yana da rukuninsa, kamar yadda kowane mutum yake da sana'arsa: mayaƙi, maharbi, ɓarawo, mai sihiri. Littafin wasan ne ya tsara su, ya faɗi abin da kowanne ya iya da abin da bai iya ba. Kusan dukkansu aikinsu sara da suka. Auta kuwa kun san shi. Ko kyankyaso ya shigo shagonsa, da tsintsiya yake rako shi waje. Yana zuwa ne don son yayansa, amma idan faɗa ya kaure a labarin sai ka ga ya yi shiru, in zagaye ya zo kansa ya ce, "Ni dai na ɓuya a bayan dutse."

Wata rana Alƙali ya tambaye shi, "To kai me kake so ka riƙa yi?"

Auta ya ce, "Ni Yaya, in da hali, in riƙe musu kaya."

Muka yi ta dariya. Alƙali bai yi ba. Da Asabar ta zagayo sai ga shi da sabuwar takarda, ya ce ya ƙirƙiro rukunin da babu shi a kowane littafi: Ɗan Dako. Ba ya riƙe makami. Yana ɗaukar kayan tafiya, yana ɗaukar wanda ya faɗi, kuma babbar baiwarsa ita ce idan an kai wa abokinsa sara, sai ya ce, "Kawo nan," raunin ya dawo kansa.

Ranar ce muka fara ganin Auta ya zauna a bakin kujera yana jiran zagayensa.

Sai dai tsarin farko ya yi ƙarfi da yawa. Dogo ne ya fara ganewa. Ya ce kowa ya tsaya bayan Ɗan Dako, mu yi ta sara, shi ya yi ta cewa kawo nan. Wani dodon fadama da Alƙali ya daɗe yana shiryawa, har da muryar da zai yi masa, muka kashe shi ko ƙwarzane babu a jikin kowa. Dogo har da tashi ya yi rawa. Alƙali ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai wanda gabansa ya faɗi a cikinku?" Muka ce babu. Ya ce, "To na ɓata wasan."

Ya koma ya rage. Wannan karon ya rage fiye da kima: sau ɗaya kawai Ɗan Dako zai karɓi rauni a faɗa, kuma raunin ninkuwa yake yi. A ƙetaren kogin farko jarumin Auta ya mutu. Auta ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Asabar ta gaba kujerarsa ta zauna babu kowa. Ban taɓa ganin Alƙali ya damu da wani abu na wasa kamar wannan ba. Ya zo kantina ya jingina da kanta ya ce, "Kemis, in na ba shi ƙarfi, na kashe muku wasa. In na rage, na kori ƙanena. Akwai wani wuri a tsakani, ban dai same shi ba."

Ya kasance mai haƙurin nema. Ya zauna shi kaɗai yana jefa ɗan ludo, yana buga faɗa iri ɗaya sau da yawa, ya ga sau nawa Ɗan Dako yake kaiwa ƙarshe. Maman Gimbiya ta ce har a kan faifan abinci yake jefawa.

Abin da ya fito da shi a karo na uku shi ne murfin kwalba. Duk raunin da Ɗan Dako ya karɓa, sai a ɗora murfi ɗaya a kan takardarsa. Kowane murfi yana rage masa tafiya, yana rage masa lamba idan ya jefa. Hutu ba ya sauke shi, magani ba ya sauke shi. Hanya ɗaya ce: wani abokin tafiya ya bar nasa zagayen ya sauke masa, kuma sai Ɗan Dako ya buɗe baki ya roƙa, ba a yarda wani ya yi masa tayi ba. Malama ta ce wannan mugunta ce. Alƙali ya ce idan ana iya yin tayi, to kullum za a yi, murfin ya zama ado. Dogo ya sake nemo rami, ya ce sai mu riƙa saukewa bi da bi kafin faɗa ya yi zafi. Alƙali ya toshe: wanda ya sauke, shi zai riƙe nauyin har faɗan ya ƙare. Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ka kama ni."

Auta ya dawo. Kuma daga nan wasanmu ya canza. Sai ka ga murfi huɗu a gaban Auta, dodo yana matsowa, mu duka mun zuba masa ido muna jiran ya roƙa, shi kuma ya cije ya ƙi. Gabanmu yana faɗuwa da gaske a kan abin da babu shi sai a takarda.

A cikin wannan farin cikin ne abin ya fara.

Wata Asabar Alƙali ya ɗauki ɗan ludo zai jefa wa dodo, sai ya zame daga yatsunsa ya faɗa ƙarƙashin tebur. Dogo ya tsokane shi ya ce dodon ne ya tsorata. Muka yi dariya. Ya sake ɗauka, ya sake zamewa. Na ga yadda ya dubi hannunsa. Irin kallon da mutum yake yi wa baƙon da ya gane fuskarsa amma ba ya so ya zama shi ne.

Bayan haka rubutunsa ya fara karkacewa. Ya yi tuntuɓe a matakalar ɗakin karatu, wadda ya yi shekara da shekaru yana hawa. A wurin aiki kwalbar gwaji ta suɓuce masa ta fashe. Ni mai sayar da magani ne, ba likita ba, amma na ga abin da ya isa ya hana ni sukuni. Na ce masa, "Alƙali, wannan ba na bitamin ba ne. Je ka ga Likita." Ya ce gajiya ce. Na ce, "To je ka, bari Likita ya ce gajiya ce."

Ya je. Aka yi gwaje-gwaje, aka sa shi jira. Ranar da sakamako ya fito, da rana tsaka ya shigo kantina, ya zauna a bencin da masu jira suke zama. Na sallami wata mata da ta zo sayen maganin tari, na zagayo. Bai ɗago ba ya ce, "Abin Baba ne."

Dattawan da ke nan sun tuna mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa. Sun tuna yadda hannu ya fara mutuwa, ƙafa ta bi, murya ta bi. A lokacin an ɗauka shanyewar jiki ce irin ta tsufa, ko da yake bai tsufa ba. Ashe ciwon jijiyoyi ne mai cin jiki kaɗan-kaɗan, wanda ba a samo maganinsa ba tukuna. Kuma ya ce mini irin nasu yana bin jini.

Na ce, "Bin jini kamar yaya?"

Ya ce, "Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, rabi da rabi ne." Sannan ya ce, "Kemis, ni ko dodo ba na ba wa rabi da rabi ya kashe ɗan wasa. Ko wanda na fi jin haushi a teburin ba zan yi masa haka ba." Sai ya rufe bakinsa da hannu ya ce, "Astagfirullah. Astagfirullah." Daga nan ya ambaci mutum biyu: Auta da Gimbiya. Muka zauna muna jin motoci suna wucewa.

Jama'a, ban tashi nan don in ce muku bai ji tsoro ba. A irin wannan taro an saba cewa mamaci ya karɓi jarrabawa da murmushi. Ya karɓa, ya yi imani, bai taɓa barin salla ba ko da ido ne. Amma ya ji tsoro, mu ma mun ji, kuma ƙarya ce in rufe wannan a gaban mutanen da suka gani da idonsu. Ya taɓa ce mini ba mutuwar ce take firgita shi ba. Ya ce, "Ranar da hancina zai yi ƙaiƙayi, hannu ya ƙi tashi, baki ya ƙi faɗa, ita nake tsoro." Ranar kuwa ta zo. Mun gan ta.

Ciwon ba ya gaggawa, kuma ba ya tsayawa. Kowace Asabar muna zuwa ne da tambaya ɗaya a zuci, wadda babu mai furtawa: yau me ya tafi? Wata ranar maɓallin riga ne. Wata ranar cokali. Da matakalar ɗakin karatu ta gagare shi, muka kwashe teburinmu muka koma falonsa. Da jefa ɗan ludo ya gagara, Malama ta koma jefa masa. Da takarda ta gagara, Gimbiya ta riƙa rubuta abin da ya faɗa. Labarin dai bai bari ba. Yana kan keken marasa lafiya, kansa a jingine da matashi, yana yi mana muryar dodo da abin da ya rage masa na murya.

Kuma bai daina gyaran Ɗan Dako ba. Akwai tambaya ɗaya da ya daɗe bai amsa ba: idan murfi ya kai shida, me zai faru? Da farko ya ce mutuwa. Muka gwada, sai ya zama Auta yana tsayawa a biyar ba ya sake karɓar komai, baiwar ta mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ya ce to suma. Muka gwada, Dogo ya mai da suman hanyar hutu. A ƙarshe ya yanke cewa Ɗan Dako zai zauna ne a inda yake. Yana gani, yana ji, yana magana, amma ba ya iya tashi. Sauran su zaɓa: su ɗauke shi tafiyarsu ta yi nauyi, ko su bar shi su tsira.

Da ya faɗi haka Malama ta tashi ta fita tsakar gida. Ta dawo idonta jajir. Ya dube ta ya ce, "Malama, kada ki mai da mini wasa wa'azi. Ba kaina nake nufi ba. Lissafi ne ya kawo nan, ku gwada ku gani." Muka gwada. Gaskiyarsa ce, dokar ta zauna daram, Dogo ya yi iya yinsa bai sami rami ba. Na faɗi wannan ne don na san shi: da zai ji na tsaya a nan ina fassara wasansa, da ya ce in zauna.

Akwai rana biyu da nake so ku sani, don ku san abin da gidan nan ya ɗauka.

Ta farko, muna tsakiyar wasa ya nemi ruwa. Gimbiya ta kai masa kofi baki. Kurɓa ɗaya ya yi ya sarƙe. Babu tari, domin ƙirjin ba shi da ƙarfin tari. Idanunsa suka fito, leɓɓansa suka fara sauya launi, babu ko sauti. Ni da nake sayar da magani, ni da Dogo mai ɗaga injin mota, muka sandare a kujera. Maman Gimbiya ce ta fito daga kicin da gudu, ta sunkuyar da shi, ta buga bayansa, ta jawo injin zuƙe majina, tana ce masa, "Ina nan, ina nan, bi a hankali." Da numfashin ya dawo, ta goge masa baki, ta gyara masa matashi, ta koma ciki. Na bi ta don in yi mata sannu. Na same ta ta dafa bango da hannu biyu. Ta ce, "Kemis, kullum ne. Wata rana zan buga, ba zai dawo ba."

Ta biyu ta fi wannan shiru, kuma ita ta fi tsaya mana a rai. Zagaye ya zo kan Auta. Ya ɗauki ɗan ludo, ya girgiza, sai ya zame daga yatsunsa ya gangara ƙarƙashin kujera.

Babu wanda ya yi dariya. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauko. Injin numfashin Alƙali ne kawai yake aikinsa a kusurwa. Auta ya dubi hannunsa, ya goga a wando, ya ce, "Gumi ne. Wallahi gumi ne, ku taɓa ku ji." Ya miƙo mana tafin, babu wanda ya iya taɓawa. Mama tana ɗaki, shirun ne ya fito da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban 'ya'yanta biyu, ta ce, "Me ya faru?" Alƙali ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, da kyar muke ji, "Auta. Sake jefawa." Auta ya sunkuya ya ɗauko, ya jefa. Wallahi ban san lambar da ta fito ba. Hannun muke kallo.

Wataƙila gumin ne. Kowa abu yana suɓuce masa. Amma daga ranar Auta bai sake zama lafiya da hannunsa ba. Mutum ne da abincinsa yake a kan yatsu: hantsaki, dalma, kusoshin da sai ka ƙura ido kake ganinsu. Ya zo kantina ya ce in riƙe masa yatsa in ja, in faɗa masa ko ƙarfin ya ragu. Na ja, na ce yana nan. Washegari ya dawo. Idan kun lura, ko yanzu da yake zaune, babban yatsansa yana taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya. Bai san yana yi ba. Auta, ka yafe mini, kai ka ce in faɗi komai.

Likita ya gaya masa akwai gwajin jini da zai nuna ko yana ɗauke da abin ko ba ya ɗauke. Alƙali ya roƙe shi ya je. Auta ya ce, "Yaya, yanzu ina da rabi. In na je suka ce akwai, ba ni da komai." Alƙali bai matsa masa ba. Da Auta ya fita, ya ce mini, "Yana da gaskiya. Ni ma ban san wanne ya fi ba."

Daga baya muryar ta tafi gaba ɗaya. Gimbiya ta riƙa nuna masa haruffa a allo yana ƙifta ido, kalma ɗaya ta ɗauki lokacin da a da yake ba da labarin gari guda. Haka muka yi wasanninmu na ƙarshe, a hankali, jimla ɗaya mu jira, jimla ɗaya mu jira. Ranar da Allah ya yi ikonsa da hantsi ne, Mama tana riƙe da hannu ɗaya, Maman Gimbiya da ɗayan. Sun ce babu sarƙewa, babu kokawa. Numfashin ne ya yi ta nisa da juna har ya daina. Mun gode wa Allah a kan wannan, domin abin da muka fi jin tsoro ke nan, kuma bai faru ba.

Ya kasance ɗa mai biyayya. Ya kasance miji wanda ko a kan keke yake tambayar matarsa ko ta ci abinci. Ya kasance ma'aikacin da jama'a suka sha amfaninsa ba su san shi ba. Ya kasance mai buɗe teburinsa ga duk wanda ya leƙo, ɗaliban da ya koya wa wasan nan kyauta a lokacin hutu ga su can a baya, yanzu wasu suna jan nasu labarin. Ya kasance yayan da ya zauna ya ƙera wa ƙanensa wuri a cikin wasa, ya rushe, ya sake ginawa, har sai da ya yi daidai da shi.

Mama, ba ni da kalmar da ta kai. Kin yi jinyar miji, kin yi jinyar ɗa, kuma mun san inda idonki yake komawa ko kina magana da wani. Ba za mu ce ki daina tsoro ba. Abin da za mu ce shi ne ƙofarki ba za ta yi shiru ba muddin muna raye.

Maman Gimbiya, abin da kika yi mun gani, abin da ba mu gani ba ya fi yawa. Yanzu ki yi barci. Idan kin farka a firgice kina neman ƙarar injin, ki kira Malama, ta ce a faɗa miki a gaban jama'a don kada ki ji nauyi.

Gimbiya, 'yata, abin da ya shafe ki naki ne. Babu wanda zai tura ki, babu wanda zai hana ki, kuma babu wanda yake da izinin kallon hannunki a taro. Ina roƙon jama'ar da ke nan su ji wannan da kyau.

Auta. Shekaranjiya ka zo kantina, na ɗauka yatsa za ka ce in ja. Sai ka ce ka gaji, ka je wurin Likita, an ba ka rana a mako mai zuwa. Ka ce in sanar a nan, don kada ka sami hanyar fasawa. To na sanar. Ban san abin da za su ce ba. Likita yana zaune, shi ma bai sani ba. Ba zan yi maka ƙaryar cewa jikina yana ba ni alheri ba, jikina ba ya ba ni komai sai faɗuwar gaba, tun da ka faɗa mini ban ci abincin kirki ba. Amma Dogo ya ce zai rufe gareji, Malama ta nemi wanda zai zauna mata, ni ma zan rufe kanti. Benci ɗaya za mu zauna. In aka kira ka, ka waiwayo za ka gan mu, in ka fito ma mu za ka fara gani, ko da wace fuska ka fito.

A madadin iyali, muna godiya ga ma'aikatar ruwa da ba ta juya masa baya ba lokacin da aiki ya gagare shi. Muna godiya ga Likita da ma'aikatan jinya, waɗanda suka gaya mana gaskiya ko da ba ta da daɗi. Muna godiya ga maƙwabtan da suka riƙa ɗaga shi suna saukewa, da duk wanda ya tako ya zo yau. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san abin da ya sha, mu kaɗan muka gani. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ciwon da ya yi ya zama wankin zunubansa. Ka ji ƙan mahaifinsa da ya riga shi. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa.

Ya Allah, mu da muka rage muna jin tsoro, kuma ba mu da inda za mu kai shi sai wurinka. Ka tsayar da wannan ciwo a inda ya tsaya. Ka bar wa Mama Autanta. Ka bar wa Gimbiya lafiyarta. Idan kuma ka rubuta wani abin da ba wannan ba, to kada ka bar mu mu gudu.

Amin. Na gode.